Takardar Khan da 'Yan Ubancin Sarakunan Rasha: Tambayoyi da Amsoshi

Wane zamani ake magana a kai, kuma wace ƙasa ce?

Daga shekarar 1237, lokacin da rundunar Batu, jikan Janghis Khan, ta faɗa wa garin Ryazan, zuwa 1480. Birnin Vladimir ya faɗi a watan Fabrairun 1238, aka kashe babban sarkinsa Yuri a bakin kogin Sit bayan wata guda, Kiev kuma ta faɗi a ƙarshen 1240. Rasha ɗin da muka sani yau ba ta wanzu ba tukuna. Abin da ke akwai shi ne ƙasar Rus, tarin ƙananan masarautu da zuriyar gida ɗaya, gidan Rurik, suka rarraba a tsakaninsu, kuma daga cikinta ne Rasha da Yukren da Belarus suka fito. Wannan shafi ya fi karkata ga arewa maso gabas, wato Vladimir da Tver da Mosko da Suzdal da Novgorod, domin a can ne rikicin ya fi daɗewa.

Kowane mai sarauta ana ce masa knyaz. Mu a nan sarki za mu ce, wanda ke kan kujerar Vladimir kuma babban sarki. Mongol ɗin da suka kafa fadarsu a Sarai, a ƙasan kogin Volga, mutanen Rus suna kiransu Tatar, daularsu kuma Orda. Sarkin daular shi ne khan.

Me ya sa Mongol ba su kawar da sarakunan sun mulki ƙasar da kansu ba?

Makiyaya ne, kuma arewa daji ce da fadama, ba wurin kiwon dawaki ba. Abin da suke so daga can azurfa ne da mayaƙa. Barin sarakunan ya fi musu araha: sarki ya san mutanensa, ya san inda dukiya take, in kuma kuɗi bai zo ba akwai wuyan da za a kama.

Sai dai ba sakin ragama suka yi ba. Tsakanin 1257 da 1259 an ƙirga mutane, aka kasa su goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu da dubu goma-goma, yadda ake tsara rundunar Mongol, domin a san abin da kowane yanki zai biya. An zaunar da wakilai da ake kira baskak a garuruwa, aka kuma sayar wa 'yan kasuwa haƙƙin karɓar haraji. Waɗannan 'yan kwangila sun matsa wa mutane har a 1262 jama'ar Rostov da Vladimir da Suzdal da Yaroslavl suka tashi suka kore su. Sannu a hankali tara harajin ya koma hannun sarakunan da kansu, kuma a nan ne aka shuka fitinar, domin duk wanda ya riƙe jakar ya riƙe wuyan 'yan uwansa.

Mece ce yarlik, kuma ta yaya ake samunta?

Takardar naɗi ce daga khan. Gado bai isa ba. Ko kujerar ubanka ce, sai khan ya tabbatar maka. Wanda ya fara zuwa karɓa shi ne Yaroslav, mahaifin Aleksanda Nevski, a 1243.

Mai nema yakan tafi da kansa, ya bi Volga zuwa Sarai, in khan ya tashi da fadarsa zuwa makiyaya ya bi shi can. Ba a zuwa hannu rabbana. Akwai gaisuwar khan, akwai ta matansa, waɗanda maganarsu ke da nauyi sosai a fadar, akwai ta manyan hakimai, kowa da nasa fatun da azurfa. Daga nan sai zaman jira, wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara. In mutum biyu ke neman kujera ɗaya, sai a zaunar da su a yi shari'a, kowa ya kawo hujjar gadonsa, ya kai sarar abokin takararsa, ya kuma faɗi abin da zai iya kawowa duk shekara. Wanda ya ci sai ya koma gida tare da jakadan khan da mahaya, jakadan ya ɗora shi kan kujera a Vladimir.

Wuraren da abu ke ɓaci sanannu ne. Kuɗin guzuri yakan ƙare, sarki ya ci bashi a hannun attajiran Sarai, masu bashin su biyo shi har gida, talakawa su biya. Yakan yi alkawarin harajin da ƙasarsa ba za ta iya ba, bayan shekara biyu a kira shi da laifin riƙe kuɗin khan. Yana can yana jira, ɗan uwansa ya mamaye garinsa. In khan ya mutu, takardar ta mutu tare da shi, sai a sake sabon lale. Akwai kuma wanda ba ya dawowa: Mikhail na Chernigov an kashe shi a fadar Batu a 1246 bayan ya ƙi yin sujadar da al'adar fadar ta tanada, Yaroslav kuma ya rasu a Mongoliya a wannan shekarar.

Nawa ne harajin?

Sunansa vikhod, wato abin da ke fita. A ƙarshen ƙarni na 14 yarjejeniyoyin gidan Mosko suna lissafi da rubul 5,000, daga baya ya kai 7,000 da aka haɗe Nizhni Novgorod. Rubul a lokacin sanda ce ta azurfa da ake aunawa. A yarjejeniyar 1389, kason Vladimir, sarkin Serpukhov, rubul 320 ne cikin 5,000 ɗin. Wannan ban da ciyar da jakadu, da dawakin tashoshin saƙo da ake kira yam, da kuɗin hatimin kasuwa mai suna tamga.

Ƙasar Vladimir ba ta da mahaƙar azurfa. Mafi yawanta ta Novgorod take shigowa, inda ake sayar wa 'yan kasuwar Jamus fatu da kakin zuma. Shi ya sa kowane babban sarki idonsa na kan Novgorod. Ita kuma ba ta noma abin da zai ishe ta, hatsinta ta garin Torzhok yake bi, sai a toshe hanyar har yunwa ta sa ta buɗe jaka. Mikhail na Tver ya yi mata haka a 1312.

Shin Mongol ne suka haddasa gabar?

A'a. Tun kafin Batu suna yanka juna. Tushen matsalar tsarin gado ne: sarauta ba daga uba zuwa ɗa take tafiya ba, daga wa zuwa ƙane take bi, sai layin ya ƙare ta dawo kan 'ya'yan babban wa. Akwai kuma sharaɗin cewa wanda ubansa bai hau kujera ba, shi ma ba shi da rabo a cikinta. Tsarin da ke haɗa baffa da ɗan wansa a kan kujera ɗaya ba ya rasa rigima.

Abin da Mongol suka ƙara shi ne alƙali mai runduna. A da wanda aka kayar sai ya nemi taimakon surukai. Yanzu sai ya tafi Sarai ya dawo da mahaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon a tsage suka same shi. Dubi 'ya'yan Nevski biyu, Dmitri na Pereslavl da Andrei na Gorodets. Andrei ya jawo Tatar a kan wansa a 1281, Dmitri ya nemi mafaka wurin Nogai, wani ƙasurgumin basarake da ke ja da fadar Sarai, ya dawo da ƙarfinsa. A 1293 Andrei ya sake kawo runduna ƙarƙashin Dyuden, aka washe garuruwa 14, har da Vladimir da Mosko. Duk a kan kujerar da ubansu ya bari.

Aleksanda Nevski gwarzo ne ko ɗan koren Mongol?

Duka biyun suna da hujja. Ya doke Suwidin a kogin Neva a 1240, ya doke mayaƙan Jamus a kan ƙanƙarar tafkin Peipus a 1242. Shi ne kuma ya hau kujerar Vladimir a 1252 bayan rundunar Tatar ta fatattaki ƙanensa Andrei, wanda ya gudu Suwidin, kuma shi ya tilasta wa Novgorod karɓar masu ƙidaya a 1259. A ganinmu ya auna ƙarfi ne ya ga ba a iya faɗa ta gaba da ta baya lokaci guda, kuma biyayyar ta yi masa rana. Daniel na Galisiya ya gwada ɗaya hanyar, ya karɓi kambi daga Fafaroma a 1253 yana jiran taimakon Turai. Taimakon bai zo ba, a 1259 aka sa aka rushe ganuwoyin garuruwansa.

Yaya rikicin Mosko da Tver ya faro, kuma me ya sa ya yi muni haka?

Wannan shi ne zuciyar labarin, don haka za mu tsaya a kansa.

Daniel, autan Nevski, shi aka ba Mosko, ƙaramin gari a lokacin. Ya rasu a 1303 bai taɓa zama babban sarki ba. A bisa al'ada, zuriyarsa ta fita daga layi ke nan har abada. Da Andrei na Gorodets ya mutu a 1304, mai haƙƙi shi ne Mikhail na Tver, ɗan ƙanen Nevski, kuma Khan Tokta ya ba shi. Yuri ɗan Daniel ba shi da wata ƙofa sai ta fadar khan, sai ya duƙufa a kanta. Ya zauna a Orda wajen shekara biyu a zamanin sabon khan, Uzbek, ya auri 'yar uwar khan ɗin, Konchaka, ya dawo a 1317 da takarda a hannu da wani jakada mai suna Kavgadi.

Mikhail ya sakar masa kujerar, amma Yuri ya shiga ƙone ƙauyukan Tver. Suka haɗu a Bortenevo a watan Disamban 1317, Mikhail ya yi nasara, ya kama Konchaka. Nan nasarar ta zame masa masifa, domin matar ta mutu a hannunsa a Tver. Aka kira shi Orda da tuhuma uku: ƙin biyan haraji, ɗaga makami a kan jakadan khan, da kashe gimbiya. Kavgadi, wanda ya kawo ƙarar, yana cikin masu shari'ar. Aka sa wa Mikhail wani ƙaton katako a wuya, yana bin ayarin khan da shi makonni a yankin Kaukasas, har aka kashe shi ranar 22 ga Nuwamban 1318. Ruwayar mutanen Tver ta ce gawar tana yashe tsirara sai da Kavgadi da kansa ya tsawata wa Yuri cewa wannan babbansa ne, sannan aka rufe ta da mayafi.

Yuri bai ji daɗin kujerar ba. Ya karɓi harajin Tver ya tafi da shi Novgorod maimakon ya miƙa, Dmitri ɗan Mikhail ya kai sararsa, aka ƙwace takardar a 1322 aka ba Dmitri. A 1325 su biyun suka yi kiciɓis a Orda, Dmitri ya zare takobi ya kashe wanda ya yi sanadin ubansa. Uzbek ya jinkirta hukunci watanni, sannan ya sa aka kashe Dmitri a 1326, amma ya ba ƙanensa Aleksanda sarautar. A lura da wannan: har zuwa lokacin khan bai zaɓi Mosko ba, yana ɗaga wannan ya sauke wancan ne don kada ɗaya ya yi ƙiba.

Abin da ya karya Tver shi ne 1327. Wani ɗan gidan khan, Cholkhan, ya sauka a garin da mutanensa, ya ƙwace fadar sarki ya zauna, mutanensa suna ta cin zali. Ranar 15 ga Agusta wani mai hidimar coci da ake kira Dudko ya ja goɗiyarsa zuwa shan ruwa, Tatar suka kama ta, ya yi kururuwa, gari ya tashi. Aka bi su ana kisa, Cholkhan ya ɓuya a fada, aka cinna mata wuta. Ivan Kalita na Mosko, ƙanen Yuri, ya garzaya Orda ya dawo tare da rundunar horo, aka mayar da ƙasar Tver kufai. Aleksanda ya gudu Pskov. Bayan shekara goma ya nemi gafara aka mayar masa da garinsa, amma a 1339 aka kira shi Orda aka kashe shi tare da ɗansa Fyodor. Ivan ya sa aka sauke ƙararrawar babban cocin Tver aka kai Mosko. Uba, da 'ya'ya biyu, da jika, duk a fadar Uzbek suka ƙare.

To mene ne sirrin Ivan Kalita?

Laƙabin nasa ma'anarsa jakar kuɗi. Ko shi ba a ba shi komai lokaci guda ba: a 1328 Uzbek ya raba babbar sarautar tsakaninsa da Aleksanda na Suzdal, sai da wannan ya mutu a 1331 ta dawo hannun Ivan gaba ɗaya. Sirrinsa bai wuce kai kuɗi a kan lokaci ba, da yawan zuwa gaisuwa, da rashin bai wa khan dalilin turo mahaya. Yadda ake tatsar kuɗin kuwa babu tausayi a ciki. Rostov ta ɗanɗana, har manyanta suka riƙa ƙaura. Amma ƙasar Mosko ta samu shekara 40 ba hari, daga 1328 zuwa 1368, manoma da fadawa daga garuruwan da ake ƙonewa suka riƙa kwararowa cikinta.

Akwai kuma sa'a, wadda ba a cika ambata ba. Gidan Mosko bai yi rassa da yawa ba. Annobar 1353 ta kashe Simeon ɗan Ivan da 'ya'yansa da ƙanensa Andrei, ƙasar ba ta tsattsage wajen rabon gado ba, alhali gidan Tver ya rabu tsakanin Tver da Kashin da Mikulin suna ta cin dunduniyar juna.

Khan Musulmi ne. Yaya ya yi da cocin?

Berke, ƙanen Batu, Musulmi ne, Uzbek kuma, wanda ya yi mulki daga 1313 zuwa 1341, shi ya tsayar da Musulunci a daular. Ibn Battuta ya sauka a fadarsa, wannan matafiyin da daga baya ya ratsa Mali ya biyo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau. Duk da haka ba a taɓa cocin ba. Tun 1267 Mengu-Timur ya ba malaman coci takardar da ta yafe musu haraji da aikin soja, a kan su riƙa yi wa khan addu'a, kuma aka ci gaba da sabunta ta.

Wannan ya sa cocin ya yi arziki, ya zama makami a rikicin sarakuna. Shugabansa ya bar Kiev ya koma Vladimir a 1299. Tver ta yi kuskuren adawa da shugaba Pita, har aka kai shi gaban majalisa da zargi. Sai ya jingina da Mosko, ya rasu a can a 1326 aka binne shi a can. Magajinsa Teognost shi ya yi wa Pskov barazanar tsinuwa a 1329 har Aleksanda na Tver ya bar garin ya shiga Lituweniya. Abin da runduna ta kasa, takardar limami ta yi.

Me ya faru da daular Mongol ta rikice?

Daga mutuwar Berdibek a 1359 zuwa 1380 khan ya bi khan, fiye da ashirin, yawancinsu kashe su aka yi. Takarda ta yi araha, domin akan samu khan biyu kowa yana bayar da tasa. Dmitri na Mosko, jikan Ivan Kalita, yana ɗan shekara tara aka ba sarkin Suzdal kujerar a 1360. Fadawan Mosko da shugaban coci Aleksi suka samo tasu, suka kore shi da ƙarfi cikin shekara uku. A 1367 aka fara gina ganuwar dutse a Mosko, kuma ita ta tsayar da Olgerd na Lituweniya, surukin Mikhail na biyu na Tver, a 1368 da 1370.

Mikhail ya samo yarlik daga ɓangaren Mamai, wani babban kwamandan Tatar da ke juya nasa khan ɗin, amma Vladimir ta ƙi buɗe masa ƙofa. A 1371 Dmitri ya tafi Orda da kansa, ya fanshi Ivan ɗan Mikhail, wanda ke tsare a can saboda bashin ubansa, a kan rubul 10,000, ya kawo shi Mosko ya riƙe. Kuɗin ya ninka harajin shekara da aka ambata a sama, kuma saƙon a fili yake: duk abin da Tver za ta iya bayarwa, Mosko ta fi ta. A 1375 aka kewaye Tver, Mikhail ya sa hannu cewa shi ƙane ne ga Dmitri. A harshen yarjejeniyoyinsu wa da ƙane ba shekaru ba ne, matsayi ne.

Ba a Kulikovo aka kawo ƙarshen komai ba?

Ba a can ba. Ranar 8 ga Satumban 1380 Dmitri ya doke Mamai a filin Kulikovo, kusa da kogin Don, daga nan ya samu laƙabin Donskoi. Amma Mamai ba khan ba ne, ba jinin Janghis ba ne, kuma ba dukkan Rus ce ta fito ba: Oleg na Ryazan bai bi Mosko ba, Novgorod da babban sarkin Tver ba su zo ba. A watan Agustan 1382 Toktamish, khan na halas, ya iso Mosko. Dmitri ya fice, 'ya'yan sarkin Suzdal biyu, 'yan uwan matar Dmitri, suka rantse wa mutanen gari cewa ba abin da zai same su, aka buɗe ƙofa, aka ƙone birnin. Haraji ya dawo, aka riƙe Vasili ɗan Dmitri a Orda a matsayin jingina.

Canjin gaskiya a wasiyyar Dmitri ta 1389 yake, inda ya bar wa ɗansa Vasili sarautar Vladimir a matsayin gadon gida. A 1392 Vasili ya sayi takardar Nizhni Novgorod sukutum daga Toktamish, wanda yaƙinsa da Timur, mai daular Samarkand, ya sa yake neman kuɗi ido rufe.

Bayan Mosko ta yi rinjaye, gabar ta ƙare?

Ta koma cikin gida. Vasili na ɗaya ya rasu a 1425 ya bar yaro ɗan shekara goma, Vasili na biyu, ga kuma baffansa Yuri na Zvenigorod da tsohuwar hujjar wa da ƙane. A 1432 suka tsaya gaban Khan Ulu Muhammad. Yuri ya kawo littattafan tarihi da wasiyyar ubansa. Ivan Vsevolozhski, bafaden yaron, ya amsa cewa ubangidansa da alherin khan yake nema, baffan kuwa da takardar matacce. Khan ya ba yaron.

Ba a tsaya nan ba. A bikin auren Vasili a 1433 mahaifiyarsa Sofiya ta fizge ɗamarar zinariya daga ƙugun Vasili Kosoi ɗan Yuri a gaban jama'a, wai ta gidansu ce aka sace, yaƙi ya ɓarke. Vasili ya sa aka makantar da Kosoi a 1436. Tatar suka kama Vasili a Suzdal a 1445, ya fanshi kansa da kuɗi mai nauyi, Dmitri Shemyaka ƙanen Kosoi ya yi amfani da fushin jama'a ya kama shi a 1446 ya cire masa idanu. Makahon ne ya yi nasara a ƙarshe, Shemyaka ya mutu da guba a Novgorod a 1453.

Yaushe aka daina neman takardar?

Ivan na uku, ɗan Vasili na biyu, ya hau a 1462 bisa wasiyyar ubansa. Kafin nan Orda ta tarwatse, Kazan da Kirimiya sun ɓalle, har ya ƙulla ƙawance da khan na Kirimiya, Mengli Giray. Ya haɗiye Novgorod a 1478. A 1480 Khan Ahmad ya zo bakin kogin Ugra, aka yi makonni ana kallon juna ta tsallaken ruwa, a watan Nuwamba ya juya. Ko a wannan shekarar ƙannen Ivan biyu, Andrei da Boris, suna cikin tawaye, sai da ya yi musu alkawarin ƙasa suka kawo mayaƙansu. Tver ta faɗi a 1485, sarkinta na ƙarshe, wani Mikhail ɗin, ya gudu Lituweniya cikin dare.